Tsakanin Mandu da Ɗanwake: Ko Layin Myeongdong Ya Cancanci Tsayuwarmu?

A 'yan shekarun nan wata sabuwar sha'awa ta shigo wa matasanmu ta kafar wayar hannu, musamman ɗaliban manyan makarantu. Fina-finan Koriya ta Kudu sun samu gindin zama a ɗakunan kwanan ɗalibai, daga Kaura Namoda zuwa Gusau har Sakkwato, kuma duk wanda ya kalli irin waɗannan fina-finai ya san da wuya a yi minti ashirin ba a ajiye kwanon taliya mai tururi a gaban wani ba. Ido kuwa shi ne ɗan aiken ciki. Daga kallo sai tambaya, daga tambaya sai buri. A cikin gidajen abincin da masu yawon buɗe ido suka fi yaɗa hotunansu a intanet akwai wani mai suna Myeongdong Kyoja a birnin Seoul, wanda ya yi suna da taliya da kuma wani curin fulawa mai nama a ciki. Tun da yanzu 'ya'yanmu na neman gurbin karatu a Koriya, 'yan kasuwarmu kuma na zuwa sayen kayan gyaran mota da na lantarki, tambayar ko wannan gida ya cancanci ziyara ta tashi daga zancen wasa. Ina so mu auna ta da ma'aunin mutumin Jangeru, wanda ya san darajar hatsi fiye da kowa a wannan zamani.

Bari mu fara da sanin gidan. An buɗe shi a 1966, ya koma unguwar Myeongdong, cibiyar hada-hadar Seoul, bayan 'yan shekaru, sannan ya ɗauki sunan da yake amsawa yanzu a 1978, saboda masu kwaikwayo sun yi wa tsohon sunan rubdugu. Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne taƙaitar abin da ake sayarwa. Kala huɗu ne kacal. Akwai kalguksu, wato taliyar da ake murza ƙullun alkama a yanka da wuƙa a dafa cikin romon kaza. Akwai mandu, curin fulawa mai siririyar fata da ake cusa wa niƙaƙƙen nama da ganye a turara. Akwai taliya mai yaji da ake cakuɗawa, sai kuma taliya mai sanyi cikin madarar waken suya da ake yi lokacin zafi kawai. Ana haɗa su da kimchi, wato kabejin da aka tsima da barkono, na wannan gida kuwa ya shahara da yawan tafarnuwa. Ana biyan kuɗi tun lokacin da aka faɗi abin da ake so, abinci ya iso cikin 'yan mintoci, a ci a tashi a ba na baya wuri. Tun da kundin Michelin, mai auna gidajen abinci na duniya, ya fara fitar da na Seoul na shekarar 2017, gidan yake cikin rukunin masu abinci mai kyau a farashi mai sauƙi.

Ma'auni na farko ga Musulmi ba ya buƙatar dogon nazari. Naman da ake cusa wa mandun wannan gida na alade ne, kuma ana jefa ƙananan curi irin nasa a saman kwanon taliyar romon. Hukuncin naman alade a bayyane yake a aya ta 173 ta Suratul Baƙara da aya ta 3 ta Suratul Ma'ida. Wani zai ce to, a tsame curin a sha romon, tun da na kaza ne. Wannan dabara ba ta fitar da mutum, domin abin da ya dahu a cikin romo ya riga ya ba shi maiƙonsa, ita kanta kazar kuma akwai batun yadda aka yanka ta. Saboda haka amsar wanda ke nufin ya je ya zauna ya ci gajeriya ce: a'a. Ba na faɗin haka don raina mutanen Koriya, su abincinsu suke dafa wa mutanensu bisa al'adarsu, kuma ba su yaudari kowa ba. Ɗalibinmu da ya sauka Seoul yana da mafita. A unguwar Itaewon akwai babban masallacin birnin, wanda aka buɗe a 1976, kuma kewaye da shi akwai gidajen abinci na halal, har da masu dafa abincin Koriya da naman da aka yanka bisa shari'a. Tarayyar Musulmin Koriya na ba da shaidar halal, sai a nemi tambarinta kafin a miƙa hannu.

Mafi yawan masu karanta wannan shafi ba za su taka Seoul ba, Seoul ce ke zuwa musu a cikin leda. Taliyar nan mai tsananin yaji ta kamfanin Samyang, wadda ake kira Buldak, ta fito a 2012, kuma gasar cinta a gaban kyamara ta kai ta kusan kowace ƙasa, har manyan kantunan Abuja da Kano. A nan ma'auni na biyu da na uku ke shigowa, wato aljihu da lafiya. Kuɗin leda ɗaya ta wannan taliya ya isa a ciyar da mutane da dama da ɗanwake su ƙoshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, alhali leda ɗaya ta irin wannan taliya kan cinye kaso mai yawa na wannan adadi a zama guda. A watan Yunin 2024 hukumar abinci ta ƙasar Danmak ta janye wasu nau'o'in Buldak daga kasuwa saboda tsananin yajinsu, kafin daga baya ta sassauta kan wasu. Game da halasci kuma, ba kowace leda ce ke ɗauke da tambarin halal ba, domin abin da ake yi wa kasuwar cikin Koriya daban yake da wanda ake yi wa ƙasashen Musulmi. Wanda ya ga dama ya ɗanɗana sau ɗaya don kashe ƙwarƙwatar ido, ya duba tambarin halal da lambar hukumar NAFDAC, ba laifi. Wanda ya mayar da ita abincin dare don a ce ya waye, shi ne Hausawa suka yi wa gargaɗi da cewa kwaɗayi mabuɗin wahala.

Da a ce ci ne kaɗai dalilin ziyara, da na ajiye alƙalami a nan. Amma akwai abin da ya fi romon daraja a wannan gida, shi ne tarihin da ya haifi layin da ke ƙofarsa. Koriya ƙasar shinkafa ce, alkama ba ta da yawa a gonakinta, kuma a zamanin da taliyar alkama abincin biki ce. Yaƙin 1950 zuwa 1953 ya bar ƙasar a rushe, da marayu da 'yan gudun hijira, har ya kasance a farkon shekarun 1960 abin da ɗan Koriya ta Kudu ke samu bai fi na mutanen wasu ƙasashen Afirka ta Yamma ba. Fulawar agaji daga Amurka ce ta cika kasuwanni, gwamnati kuma ta dinga matsa wa jama'a su rage cin shinkafa, har a 1969 aka ware ranakun Laraba da Asabar da ake hana gidajen abinci sayar da ita a wasu sa'o'i. A cikin wannan ƙunci kalguksu ta zama abincin talaka da lebura. A cikinsa ne kuma Samyang ya fitar da taliyar leda ta farko a ƙasar a 1963, shekaru biyar bayan Momofuku Ando ya ƙirƙiro ta a Japan. Ke nan abin da baƙi ke yi wa layi a yau abincin yunwa ne wanda masu shi suka ƙi jin kunyarsa, suka yi ta gyara shi har duniya ta waiwayo.

Duniyar ma ba da kanta ta waiwayo ba, jawo ta aka yi. Daga wajen 2008 gwamnatin Koriya ta ɗauki tallata abincinta a ƙetare a matsayin manufa ta hukuma, ta kafa gidauniya ta musamman don haka a 2010, shekarar da ta buɗe cibiyar al'adunta a Abuja. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya al'adar taruwar iyalai don haɗa kimchin hunturu cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam. Masu shirya fim su ma sun ba da nasu kason. Shirin talabijin na Dae Jang Geum na 2003, labarin wata mai dafa abinci a fadar sarki, ya zaga ƙasashe da dama, fim ɗin Parasite da ya lashe babbar kyautar Oscar a 2020 kuma ya sa mutane a ko'ina suka shiga neman wata taliya da aka dafa a cikinsa. Manomi da mai tukunya da mai kyamara da jami'in gwamnati duk igiya ɗaya suka ja.

Yanzu mu dawo gida mu leƙa tukunyarmu. Shin Bahaushe ba shi da curin da ake jefawa a ruwan zafi? Ɗanwake fa? Garin wake da na rogo ko na dawa, da kuka da ɗan ruwan kanwa, a kwaɓa, a dinga jefawa cikin tafasasshen ruwa, in ya taso sama ya ɗan ƙara dahuwa a tsame, a sa man gyaɗa da yaji. Shin ba mu da taliyar hannu? Iyayenmu mata sun daɗe suna murza taliyar alkama da tafin hannu suna shanyawa, kafin ƙaramin injin murzawa ya shigo gidaje, kuma har gobe taliya 'yar Hausa da mai da yaji da wake tana da masoyanta. Koriyawa na alfahari da tsimammen waken suya da suke sa wa miya, mu kuma muna da daddawar kalwa, wadda hikimar yin ta ba ta gaza tasu da komai ba. Mutanen Zamfara na da hoce, Kanawa na da gurasa, ga dambu, ga kwaɗon zogale da na rama. Ta fuskar gina jiki ma ɗanwake ba ya jin kunyar kowace taliyar leda, tun da wake ne ƙashin bayansa, Nijeriya ce kuma ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye mata.

Kada a ɗauka ina kira ne a rufe ƙofa ga abincin baƙi. Tukunyar Bahaushe ba ta taɓa zama a rufe ba. Barkono da tumatir da rogo da masara da gyaɗa duk asalinsu nahiyar Amurka ne, haka barkonon da Koriyawa ke tsima kimchi da shi. Awara, wadda yau babu lungun da ba a soya ta a ƙasar Hausa, asalinta na gabashin Asiya ne, amma matanmu suka karɓe ta, suka haɗa ta da yaji da kabeji, suka mayar da ita sana'ar da ke biyan kuɗin makarantar yara. Wannan shi ne aro mai amfani, domin waken suyan a gonarmu yake fitowa, ribar kuma a zanin 'yar'uwarmu take ƙullewa. Akwai kuma aro na biyu. Indomie, wadda asalinta na Indonesiya ne, ta shigo Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, aka kafa mata masana'anta a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, yau kuma babu teburin mai shayi da ba ta a kai. Ta samar da ayyukan yi, ba a musu, amma mafi yawan alkamar da ƙasar nan ke ci daga waje ake sayo ta da dala. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, haramcin bai ɗore ba domin noman gida bai cike giɓin ba. Duk ranar da naira ta faɗi, kwanon mai shayi da tandar mai gurasa su ke fara ji a jika, kamar yadda aka gani a farkon 2024 lokacin da masu gurasa a Kano suka fito zanga-zangar tsadar fulawa.

Na san akwai mai karatu a Jangeru ko Shinkafi ko Zurmi da zai ce: Malam, ana ta kai wa yake ta kaya? Mutanen da ke biyan harajin 'yan bindiga kafin su shiga gonarsu, waɗanda ke bin hanyar Kaura Namoda zuwa Shinkafi da addu'a a baki, su za a yi wa zancen gidan abincin Seoul? Wannan ƙorafi yana da nauyi, kuma ba zan kauce masa ba. Kasuwar Alhamis ta Shinkafi, wadda ta tara fatake daga kudancin ƙasar nan da Jamhuriyar Nijar shekaru aru-aru, ta ga rufewa a 2021 lokacin da aka dakatar da kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya a jihar. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF tare da ma'aikatar lafiya sun auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, suka tarar kusan ɗaya cikin kowane huɗu na fama da tamowa. Wannan a yankin da jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda tun 1929 don kwasar gyaɗa da auduga, yankin da fadamunsa ke ba da shinkafa da albasa da barkono.

Amsata ita ce, wannan halin shi ne ainihin dalilin da ya sa zancen ya dace da mu. Koriyar da ta haifi kalguksun talaka ta fi kama da Zamfarar yau fiye da yadda take kama da Seoul ɗin fina-finai. Tsaro shi ne farko, babu ja, kuma haƙƙi ne a wuyan gwamnatin tarayya da ta jiha, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma duk wanda ya zaga garuruwan da 'yan gudun hijira suka taru ya san abin da ke riƙe da gidaje da yawa, musamman na matan da aka kashe wa maza: tukunyar ɗanwake, kaskon awara, tandar waina. Ƙaramar sana'ar abinci ita ce jarin wanda aka raba da gona da garke. Duk naira da matashi mai ɗan hali ya karkatar daga wannan tukunya zuwa ledar da aka yi dakonta daga wata nahiya, ya rage wa wata uwa cinikin yini. Kuma duk yaron da aka yaye da taliyar leda zalla, alhali ga wake ga gyaɗa ga zogale, an cika masa ciki an bar jikinsa da yunwa.

To me za mu ɗauko daga Myeongdong in ba kwanonsa ba? Na farko, tsayawa kan abu kaɗan a ƙware. Gidan da ya shekara fiye da hamsin yana sayar da kala huɗu ya fi gidajenmu da ke rubuta kala talatin a allo, in ka tambaya a ce ya ƙare. Na biyu, daidaito. Wanda ya ci yau ya dawo baɗi zai tarar da ɗanɗano ɗaya, domin ana auna komai. Mai ɗanwakenmu kuwa hannunta ne ma'auninta, ranar da ta yi rashin lafiya sana'ar ta kwanta, ranar da ta rasu sirrin ya bi ta kabari. Na uku, tsabta da mutunta mai saye: ruwa mai kyau, kwano wankakke, wurin zama da mace za ta shiga da 'ya'yanta ba tare da an bi ta da ido ba. Na huɗu, suna. Mun ga yadda masu gidan suka sauya suna don kare amanar da jama'a suka ba su. Mu ma muna da misali a gida, kilishi da dambun nama sun shiga leda mai tambari, suna tafiya har ƙasashen waje a jakunkunan matafiya, ba abin da zai hana garin ɗanwake da busasshiyar taliyar Hausa bin sahunsu da inganci.

A nan akwai aikin da ya rataya a wuyan mu malaman jami'a. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda ta kafu tun 1983, Jami'ar Tarayya ta Gusau tun 2013, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da ta daɗe tana fitar da ingantattun irin wake. Ya kamata a ce ɗalibanmu na rubuta kundin kammala karatu kan yadda garin ɗanwake zai yi watanni bai yi ƙwari ba, da adadin kanwar da ba ta cutarwa, da yadda za a cuɗa garin dawa ko na rogo da alkama a rage dogaro da ta waje, da yadda za a haɗa garin kunun yara mai gina jiki daga gero da waken suya da gyaɗa a farashin da uwa 'yar gudun hijira za ta iya. Ɗaliban Hausa da na tarihi su zauna da tsofaffin mata su rubuta yadda ake hoce da taliyar murji kafin masu sanin su ƙare. Masu shirya fina-finan Kannywood kuma su dubi teburin da suke ɗauka. Muddin attajirin fim ba ya cin komai sai soyayyar shinkafa da lemon kwalba, ɗanwake kuma sai a hannun almajiri ko ɗan ƙauyen da ake yi wa dariya, to mu da kanmu muke koya wa 'ya'yanmu raina tukunyar gidansu.

Hukuncina a taƙaice shi ne, wanda Allah Ya kai shi Seoul ya bi ta titin Myeongdong, ya tsaya ya dubi layin, ya lura da yadda ake karɓar baƙo da sallamarsa, ya tambayi tarihin gidan, tafiya mabuɗin ilimi ce. In yunwa ta taso ya nufi Itaewon ya ci halal ɗinsa cikin kwanciyar hankali. Wanda kuma yake gida, ya sani layin da ya fi cancantar tsayuwarsa shi ne na matar da ke jefa ɗanwake da sassafe a bakin tasha, ya biya ta ba tare da neman ragi ba, in yana da ilimi ko jari ya taimaka mata ta gyara sana'ar. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Jangeru da Shinkafi da Zurmi da Kaura Namoda da sauran ƙasarmu baki ɗaya, Ya sa manomi ya koma gonarsa ba da fargaba ba. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.